Neman Asali a Bakin Iyakar Jibiya

Wanda ya fita Birnin Katsina ya nufi yamma, in ya yi tafiyar kamar mil 30, sai ya isa ƙasar Jibiya, inda Sarkin Arewa ya ke hakimci. A wani wuri da a ke kira Magama hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta shiga garin Jibiya ta wuce Gurbin Ɓaure har Ƙauran Namoda, ɗaya ta yi arewa, ta ratsa shingen 'yan kwastan, ta bi ta Ɗan Isa har Maraɗi cikin ƙasar Nijar. Gulbin da ya bi ta gefen Jibiya shi ma arewa ya nufa. Ya shiga Nijar, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. Mutanen da ke zaune bakin wannan gulbi harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya, suna auren juna tun kaka da kakanni. Ba abin mamaki ba ne a sami mutum kabarin ubansa na Nijeriya, na kakansa na Nijar.

Muddin ba a tambayi mutum ba, wannan ba ya damunsa. Amma akwai ranar tambaya. Ran da ya je neman takardar shaidar ɗan ƙasa domin ɗansa ya shiga makaranta ko aikin soja, ko ran da aka tashi rabon gonar gado, ko ran da sarautar gari ta faɗi 'ya'yan gida suka fito nema, ko ran da ya je nema wa ɗansa aure, sai a ce masa, "Kai ɗan wane ne, daga ina kakanka ya zo?" Da yawa nan su ke tsayawa, gama ba su iya wuce sunan kaka ba. To, wanda ya yi niyyar bin sawun kakanninsa a wannan yanki shaidu uku gare shi: bakin tsofaffi, da tsofaffin takardu, da sunayen garuruwa da unguwanni. Amma ba zai gane abin da shaidun nan ke faɗi ba sai ya san yadda aka yi ƙasa ɗaya ta zama biyu.

Yadda Katsina ta rabu

Tun kafin zuwan Turawa Katsina ta rabu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, aka ɗaura jihadi. A ƙasar Katsina mutum uku ne shugabannin jama'a, watau Malam Ummarun Dallaje, da Malam Ummarun Dumyawa, da Malam Na Alhaji. Wajen 1807 birni ya faɗa hannunsu. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya koma Ɗankama da jama'arsa, aka bi su can aka ci su, shi kuwa ya rasu cikin rijiya. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka tafi Damagaram suka yi shekaru can. Ummarun Dallaje ya zauna birni ya zama Sarkin Katsina. Ummarun Dumyawa ya zauna Zandam, wadda ke cikin ƙasar Jibiya yau, yana duba garuruwan arewa, har da Maraɗi.

Wajen 1819 mutanen Maraɗi suka yi tawaye, suka kashe wakilin da aka aje musu, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Da ya zo bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina ya ke, a ganinsa da ganin mutanensa, an kore shi daga gida ne kurum. Saboda haka har wa yau sarkin da ke Maraɗi Sarkin Katsina a ke kiransa. Haka sarakunan Zazzau na dā suka yi da suka kafa Abuja, wadda a ke kira Suleja yanzu, haka kuma na Daura da suka zauna Zango.

Daga nan aka yi shekara wajen 80 ana gaba tsakanin Katsina biyu. Cikin 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, nan Sarkin Katsina Rauda ya faɗi. Gobirawa suka gina Tsibiri kusa da Maraɗi. Ɗan Mari, wanda ya gaji Rauda, ya shigo ƙasar Ruma, garuruwa da yawa suka bi shi, Sarkin Katsina Siddiku ya tasam musu ya watsa su, wurarensu suka zama daji. Bayansa Ɗan Baskore ya yi shekara ashirin da ɗoriya bisa gado, yana kai hari har ƙasar Kano. Cikin wannan zamani mutane suka watse iri uku. Waɗansu suka yi ƙaura arewa da iyalinsu. Waɗansu suka taru cikin garuruwa masu ganuwa. Waɗansu aka kama su aka sayar. Ƙasar da ke tsakani ta zama dawa, ba mai ratsa ta sai mahara da mafarauta da ayari mai rakiya.

Yadda aka ja iyaka

Turawa sun raba ƙasar nan bisa taswira tun ba su gan ta ba. Cikin 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi, bakin Kwara, zuwa Baruwa, bakin Tafkin Chadi. Cikin 1898 suka sake zama a Faris, suka zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, suka miƙa layin gabas. A wannan rabo Maraɗi da Tsibiri wajen Ingilishi suka faɗa. Da Faransawa suka zo suka duba rabonsu, sai suka ga hanyarsu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta hamada, ba rijiyoyi. Suka yi ta kuka, har cikin Afrilu 1904 aka yi sabon alkawari. Ingila ta yarda a turo iyaka kudu, a bar wa Faransa mutanen Tasawa da Maraɗi da Damagaram iyakar yadda zai yiwu. Faransa kuwa ta saki wani haƙƙi na kamun kifi da ta daɗe da shi a gaɓar wani tsibiri kusa da Kanada. Watau kifin wani teku da Bakatsine bai taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da aka musanya da Maraɗi.

A tsakanin nan Gwamna Lugga ya riga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yandaka, ƙarshen watan Maris 1903. Aka gyara alkawarin iyaka a Landan cikin Mayu 1906. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa da ƙafa, suka kafa alamu 148 daga Kwara zuwa Chadi, aka sa hannu ga aikinsu cikin 1910. A nan yankin, layinsu ya bi ta dawan nan da yaƙi ya bari tsakanin Katsina da Maraɗi.

Da hari ya ƙare sai mutane suka fito daga ganuwa, na kudu da na arewa, suka shiga saran daji. Da yawa daga ƙauyukan bakin iyaka lokacin ne aka kafa su, ko aka sake raya kufansu. Bayan haka kuma mutane ba su daina ƙetarewa ba. Mulkin Faransa ya yi tsanani wajen kuɗin ƙasa, wanda mutanen can ke kira lanho, da ɗibar soja, da aikin tilas wanda ba a hana ba sai 1946. In abin ya yi zafi, gari guda ya kan tashi da dare ya kwana Nijeriya. Yunwa ita ma ta kora mutane, musamman ta 1914. Saboda haka mai neman asali a Jibiya kada ya yi mamaki in ya tarar kakanninsa sun ƙetare sau biyu ko sau uku, kamar gulbin garinsu.

Shaidar takarda

Daga cikin tsofaffin sa hannu a ƙasar Hausa akwai hatimi. Sarkin Musulmi da Waziri da sarakunan tuta sun kasance suna aika wa juna wasiƙu da Larabci, a buga hatimin mai aikawa, da sunansa a ciki. Galibin wasiƙun nan ba su da kwanan wata, sai dai a gane zamaninsu ta sunan wanda ya aika da wanda aka aika wa. Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903 sun tarar da irinsu da yawa a gidan Waziri Buhari, har wani Bature mai suna Backwell ya fassara waɗansu aka buga cikin 1927. Amfaninsu ga wanda ya fito gidan sarauta ne, ko gidan da ya yi wa sarauta barantaka, gama su a ke ambata.

Gidajen malamai suna da nasu hatimi, ko da ya ke ba na ƙarfe ba ne. Al'adar marubuta ce, in mutum ya gama kwafe littafi, ya rubuta sunansa da na ubansa a ƙarshe, wani lokaci da na garinsa da na malaminsa, ya roƙi mai karatu addu'a. Wanda ya gaji gafaka a gidansu, ko bai iya karanta littafin duka ba, ya kai wa mai iyawa ya duba masa warƙar ƙarshe. Sau da yawa layi biyun nan sun fi dogon labari tabbas, domin hannun mai sunan ne ya rubuta su.

Talaka kuwa sunansa bai fara shiga takarda sosai ba sai zamanin En'e. Zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado cikin 1906, da Razdan Palmer, aka fara baitulmali a Katsina, sauran ƙasashe suka yi koyi. Baitulmali ba ya tafiya sai da lissafi, lissafi kuwa sai da sunaye. Kowace shekara malamin haraji ya kan zauna da dagaci da mai unguwa a rubuta magidanta da mazajen da ke gidajensu. Malamin jangali ya rubuta masu shanu. Wanda ya biya a ba shi rasit. Joji kuma ya kan zagaya gunduma ya rubuta rahoto, ya faɗi ƙauyukanta, da wanda ya kafa kowanne, da irin mutanen da ke ciki. Haka aka yi ta yi har aka soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta, bayan hawan gwamnatin 1979. Abin da kakanni suka ƙi jini, yau shi ne abin da jikoki ke nema, gama rasit ɗin haraji guda ya isa ya nuna wane yana zaune gari kaza shekara kaza.

Amma littafin haraji bai san mata ba. Wanda ke neman dangin uwa sai ya nufi littafin alƙali. In aka kawo rabon gado, malamin kotu ya kan rubuta sunan mamaci, da matansa, da 'ya'yansa maza da mata, da abin da kowa ya samu, da ushirar da aka cire, da shaidu. Shafi ɗaya na rabon gado ya kan tara gida guda cif. A nan ne kuma a ke ganin bambancin hannu. Alƙali da malamansa su sa hannu da ajami ko Larabci, sauran jama'a su dangwala babban yatsa. Dangwale shaida ce a gaban shari'a, amma ba ta faɗin suna, sai abin da malamin kotu ya rubuta kusa da ita. In ya yi kuskure, kuskuren ya zauna har abada.

Takardun Lardin Katsina na zamanin Turawa da yawa suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Akwai waɗansu a Gidan Arewa, nan Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Na ƙetaren iyaka suna Yamai. Cikin ayarin Kyaftin Tilho akwai wani tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da dattawan Maraɗi da Gobir da Damagaram ya rubuta jerin sarakunansu da labarun yaƙoƙinsu, aka buga cikin 1911. Waɗansu daga masu ba shi labari sun ga zamanin Ɗan Baskore da idonsu. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman kuma ya bi garuruwan Katsina biyu ya tattara tarihinsu, littafinsa ya fito cikin 1981.

Shaidar sunan wuri

Takarda ta kan ƙone, gara ta kan ci ta, amma sunan gari yana bakin kowa. In an lura, sunayen wurare a ƙasar Hausa kashi kashi ne.

Akwai masu ɗauke da sunan wanda ya sari wurin, irin su Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane, Rugar wane. Waɗannan su ne mafi amfani. A tambayi mai gari ya lissafa waɗanda suka riƙe garin daga shi har wanda ya kafa. In huɗu ne ko biyar, ɗa bayan uba, to garin bai wuce zamanin da Turawa suka zo da nisa ba. Sai a tambaya daga ina mai kafawar ya taso, da wa da wa suka zo tare.

Akwai masu ƙarewa da "awa", masu nuna jama'a ko zuriya ko sana'a. A Jibiya akwai Mallamawa. A Birnin Katsina akwai Masanawa, unguwar zuriyar Wali Ɗan Masani wanda ya rasu cikin 1667. A Maraɗi akwai Maraɗawa. Duk inda aka ji Gobirawa ko Zamfarawa ko Adarawa sunan unguwa, an san baƙi ne suka sauka nan wata rana, masu gari suka kira wurin da sunan ƙasarsu. Bature matafiyi Barth, wanda ya sauka Katsina cikin 1851, ya rubuta sunayen unguwannin birni, har da Tudun Malle da Tawatinke, masu tuna baƙi daga Malle da Tuwat.

Akwai masu ƙarewa da "nci", irin su Yarinci da Limanci, watau inda mai wannan sarauta ya zauna da barorinsa. Akwai na itace da yanayin ƙasa, irin su Gurbin Ɓaure, da Gurbin Magarya, da Faru. Waɗannan ba su faɗin zuriya, kuma suna da takwarori da yawa, sai a yi hattara kada a ɗauki wani a madadin wani.

Sa'an nan akwai sunayen da mutane suka ɗauka suka yi ƙaura da su. Katsinawan da suka zauna Maraɗi sun tafi da sarautunsu. Masu zaɓen sarki a can su ne Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, sarautun nan huɗu kuwa suna nan a Katsina har yanzu, Ƙaura a Rimi, Galadima a Malumfashi, 'Yandaka a Dutsin-ma, Durɓi a Mani. Akwai Ƙofar 'Yandaka a Katsina, akwai unguwar 'Yandaka a Maraɗi. Ita kanta kalmar Maraɗi sarauta ce, kuma hakimin Kurfi Maraɗin Katsina a ke kiransa. Wanda ya ji a gidansu ana cewa "mu mutanen Durɓi ne" sai ya bincika wane Durɓi, na kudu ko na arewa.

Duk da haka sunan wuri manuni ne kurum. A ƙasar Jibiya akwai gari mai suna Bugaje, amma wannan bai sa duk wanda aka haifa can ya zama Buzu ba. Wurare kuma su kan tashi. Cikin 1945 ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, aka koma kan tudu da sunayen unguwanni. Wanda ya je unguwar 'Yandaka ta yau neman kangon kakansa na zamanin Ɗan Baskore ba nan zai same shi ba.

Abubuwan da ke rikita mai bincike

Na farko rubutun suna. Bafaranshe da Ingilishi kowa ya rubuta abin da kunnensa ya ji da baƙaƙen harshensa. Tasawa ta zama Tessaoua, Madarumfa ta zama Madarounfa, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji, Tsibiri ta zama Tibiri, Damagaram kuwa Zinder. Usman ya zama Ousmane, Isufu ya zama Issoufou. Mutum ɗaya ya kan fito da kama biyu cikin takardun ƙasashen biyu.

Na biyu, Bahaushe ba shi da sunan gida mai bin zuriya. Sunansa da na ubansa ke nan, jika kuma ya ɗauki na nasa uban. Da makarantar boko ta zo sai aka riƙa laƙaba wa yaro sunan garinsu ko unguwarsu, shi ya sa aka sami Aminu Kano, da Isa Kaita, da Musa 'Yar'aduwa. Wannan ya nuna inda yaro ya fito ran da aka rubuta shi, bai nuna inda kakansa ya fito ba. Ga kuma alkunya. Yaron da ya ci sunan kakansa a kan kira shi Abba ko Baba, wani a san shi da sunan rana, Ɗanjuma ko Ɗan Asabe, har ya mutu jikoki ba su ji sunansa na yanka ba. Sai a tambayi tsofaffin mata, gama su suka fi riƙe wannan, ko da ba za su faɗa da bakinsu ba sai da kewaye.

Na uku shekaru. Takardun Faransa su kan rubuta "né vers", watau an haife shi wajen shekara kaza, abin da kumandan ya kimanta da ido. Tsofaffi kuwa da abin da ya auku su ke lissafi. Wanda aka ce an haife shi shekarar Kakalaba, 1914 ke nan. Mai Buhu 1927, 'Yar Gusau 1942, rasuwar Sarki Dikko 1944. In takarda ta zo da shekarar Hijira, a tuna shekara 33 ta Hijira daidai ta ke da 32 ta Turawa, kusan.

Na huɗu son zuciya. Kowa yana so a ce daga gabas kakansa ya zo, ko daga gidan sarauta. Maroƙi ya kan tsallake sunan da ba shi da daɗin kirari, ya haɗa jika da kakan kaka. Akwai kuma gidajen da igiyarsu ta tsinke wajen hari, aka kamo kakansu yana yaro aka sake masa suna. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901, aka hana bauta gaba ɗaya a Arewa cikin 1936. Mai bincike ya shirya zuciyarsa, gama ya yiwu abin da zai tarar ke nan. Ba abin kunya ba ne gare shi, wanda aka zalunta ba shi ke da laifi ba. Amma kada ya ɗauki abin da ya gani game da gidan wani ya kai kasuwa.

In an haɗu da irin wannan tsinkewa, aska da wasa su kan taimaka. Zanen fuskar tsoho ya kan faɗi abin da bakinsa ya manta, kamar na Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya. In kuma aka ga gida suna wasan taubasai da Nufawa, alamar Katsinanci ce, in da Yarabawa ne, alamar Gobirci. Ƙa'idar dai ita ce ta alƙali: shaida ɗaya ba ta isa ba. In bakin tsohuwa ya ce daga Madarumfa aka zo shekarar yunwa, sunan unguwa ya yi daidai, littafin haraji kuma ya nuna sunan kaka ya ɓullo bayan 1914, to magana ta tsaya da ƙafafunta.

Mutanen Ailan

Ba mutanen Jibiya kaɗai ke wannan wahala ba. Sunan Manjo O'Shee, mai kafa alamun iyaka, sunan mutanen Ailan ne, wani tsibiri yamma da Ingila. A harshensu "O" a farkon suna jikan wane ke nan, "Mac" kuwa ɗan wane. Su ma yunwa ta watsa su. Daga 1845 zuwa 1852 wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya suka yi ƙaura, galibi zuwa Amurka. Su ma an ja musu iyaka cikin 1921. Sa'an nan cikin 1922, wajen yaƙin basasa, ma'ajiyar takardunsu da ke Dablin ta ƙone, da takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851.

Da suka rasa waɗannan sai suka koma ga duk inda kakanninsu suka taɓa sa hannu. Cikin 1841 an yi wa wani babban ma'aikaci mai suna Morpeth takardar ban kwana, mutum wajen 160,000 suka sa hannu, aka liƙa warƙoƙin aka naɗe kamar tabarma, tsawonta mita 420. Cikin 1912 kuma mutum fiye da 470,000, maza da mata, suka sa hannu ga wani alkawari na siyasa a arewacin ƙasar, kowa da inda ya ke zaune. Ƙasarsu kuwa a rabe ta ke ƙananan yankuna fiye da 60,000, kowanne da sunansa. In jika ya sami suna da yanki sun yi daidai, ya sami bakin zare. Ba wanda ya sa hannu ran nan domin jikoki, amma jikoki suka ci amfanin.

Abin da ke kan mai karatu

Maganar asali ba hira ce kurum ba. Cikin Janairu 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Barno, aka kai shi Chadi aka aje, wai ubansa ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da aka je kotu a Maiduguri, aka kawo shaidun asalinsa, kana aka mayar masa da haƙƙinsa. In haka ta sami ɗan majalisa, ina ga manomin bakin iyaka? Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya dogara ga iyaye da kakanni wajen tabbatar da ɗan ƙasa. Ita kuma iyakar Jibiya an sha rufe ta: daga 1984 zuwa 1986, daga 2019 zuwa 2022, da daga 2023 zuwa 2024. Kowane rufi ya kan yanke ziyara da biki da ta'aziyya, zumunta kuwa a ƙafa ta ke. In tsofaffin da suka san juna suka ƙare alhali yara ba su saba ba, dangi ya ɓace ke nan.

Kakanni sun dangwala yatsa domin ba su da wata dabara. Wanda Allah ya nufa ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya fita da iya rubuta sunansa, yana da abin da ba su samu ba. Ya sayi littafin rubutu guda. Ya fara da kansa, ya rubuta sunansa na yanka da laƙabinsa, da na ubansa da uwarsa, da garin da aka haifi kowa. Ya je wurin wanda ya fi kowa tsufa a dangi tun yana da rai, ya tambaye shi, ya rubuta abin da ya ji, da sunan wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. Abin da aka tabbata ya rubuta an tabbata, abin da a ke zato ya rubuta zato ne. Ya tara tsofaffin rasit da takardun gona da na kotu ya aje inda gara da ruwa ba su kai. In ya gama ya sa hannu a ƙarshe, da sunan garinsu da shekara, yadda malaman dā su ke yi, ya kwafe wani ya aika wa 'yan'uwansa na ƙetaren iyaka.